Rashin Kunyar Kawu Istifanus

Kawu Istifanus, ƙanen mahaifiyata, zai bar unguwar Makera ta Kaduna ƙarshen watan nan ya koma gida Pankshin, bayan ya yi ritaya daga masaƙa da cikakken haƙƙinsa. Da yake ni aka ɗora wa riƙon hotunan gidanmu da tarihin wa ya haifi wa, sai matarsa, Anti Juliana, ta ce in rubuta wani abu a kansa kafin su tafi. Na ce zan rubuta, amma fa sai na sa maganar motar wasan 'yarsu Christy. Ta ce, "Sa abinki. Yanzu kuma wa zai kore shi?"

Kawu ya zo Kaduna yana saurayi, da akwatin ƙarfe da sunan wani ɗan garinsu da ke zaune a Kakuri. Bai daɗe ba ya samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun, aka kai shi ɗakin saƙa, kuma a nan ya tsufa. Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba ba zai gane ba. Injuna ne jere, kowanne yana buga nasa, har ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Ma'aikata ba sa wahalar da murya, da leɓe da hannu suke hira. Kamfani kuwa, saboda tsabar tausayi, yakan ce su toshe kunne da auduga. Audugar da ke zube a ƙasa, wato, don kada a ce an yi ɓarna.

A Makera kowa ya san Kawu da ladabi. In kana magana da shi sai ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ka, ya ɗan rusuna, ya zuba wa bakinka ido kamar Zabura kake karanta masa. Ba ya katse mutum. In an kawo masa gulma a bakin famfo, sai ya kaɗa kai ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya ɗauki bokitinsa. In an zage shi ta baya, ko waiwaye. Fasto ya sha kafa misali da shi a wa'azi: ku dubi ɗan'uwa Istifanus, ana zaginsa ba ya ramawa. Mata na goranta wa mazansu da shi. A duk unguwar ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko mutumin nan ma ya ji zagin tukuna.

Injin ne ya cinye masa kunne a hankali. Murya mai kauri yana ɗan tsinta, sauran a leɓe yake karantawa, yadda ya saba a wurin aiki. Amma duk wani sauti siriri, kukan tsuntsu, usur, kiran jariri, wannan ya daɗe da sallama da shi. Ba cewa nake ba shi da ladabi ba, da abinsa ya zo daga gida, injin dai ya ƙara masa. Daga shi sai Anti Juliana sai mahaifiyata suka san maganar, kuma sun rufe bakinsu gam, don suna da dalili.

A shekarar 1985 masaƙu na rage ma'aikata, ana neman duk wani uzuri. Wanda aka lura ba ya ji sai a tura shi gwajin kunne a asibitin kamfani, daga can sai takardar godiya da fatan alheri, wai don kada injin ya kama shi bai ji ana masa ihu ba. Wurin da ya kurmantar da kai shi ne kuma yake tsoron kada ka ji ciwo, ka ji masu ƙaunar talaka. Kawu na da sauran 'yan shekaru kafin ya kai lokacin da za a sallame shi da haƙƙinsa. Ga kuma Christy, 'yar shekara huɗu, ita kaɗai, wadda suka samu bayan an gaji da addu'a an ci gaba da yi.

Ana gab da Kirsimeti ya shiga kasuwar Kakuri neman mata abin wasa. Ya ga wata motar 'yan sanda mai batir, fara da shuɗi, da jar wuta a ka. Mai kayan ya kunna ta ya ajiye a ƙasa, yana sunkuye yana ta bayani, don haka Kawu bai ga bakinsa ba. Abin da ya gani kawai mota tana yawo, in ta bugi bango ta juya da kanta, wuta na walƙiya, shiru abinta. Ya ce a ransa, ga abin wasan 'ya'yan gidan mutunci. Ku sani fa, shi ne ya taɓa miƙewa a taron iyaye a coci ya yi dogon jawabi a kan masu barin 'ya'yansu su shigo cikin jama'a da usur da bindigar roba, har aka tafa masa. Ya saya, ya ɓoye a kan kabad, yana jiran ranar.

Sai Anti Juliana ta tafi Pankshin duba mahaifiyarta, Christy kuma ta kwanta da tari. Kawu ya goya ta a keke da safe zuwa asibitin kamfani. Ya san zaman jira yana da tsawo, ya san yaro in ya gaji sai ya dami mutane, don haka, saboda kada a dami kowa, ya sa motar a jaka.

Ni ba na wurin. Abin da zan faɗa daga bakin Kawu na ji shi, da kuma bakin Maman A'isha, maƙwabciyarsu, matar direban kamfani, wadda ta je da ciwon kai. Duk ranar da ta ba da labarin jiniyar sai ta ƙara ƙarfi, amma a kan sauran bakinsu ɗaya.

Ɗakin jira cike yake, benci-benci, kowa riƙe da katinsa. Christy ta fara mutsu-mutsu. Kawu ya buɗe jaka, ya danna makunnin, ya ajiye motar a kan siminti, ya koma ya zauna da murmushin uban da ya sauke nauyinsa.

Maman A'isha ta ce ta ɗauka gobara ce. Jiniya ce irin wadda ke huda kai ta fita ta ƙeya, tana tashi tana sauka ba numfashi. Motar ta bi ƙarƙashin benci, ta bugi ƙafar wani tsoho, ta juya, ta nufi ƙofar ɗakin allura. Christy na binta tana tafi. Jarirai suka karɓa gaba ɗaya.

"Ku ba da hanya," in ji wani mai bandeji a hannu, "gwamna ya zo karɓar maganin tari."

"A'a, kama mu aka zo yi," in ji wata. "Laifinmu mun yi rashin lafiya."

Duk a gefe suke faɗa, Kawu bai ga bakin kowa ba. Ya dai ga idanu a kan motar, daga nan su dawo kansa. Ya ji daɗi. Ya ɗan karkata wajen Maman A'isha, wadda ta dafe kai ta rufe rabin fuska da gyale, ya ce, "Kasuwar Kakuri, Maman A'isha. In kina so wa A'isha sai in nuna miki rumfar."

A bencin bayansa akwai Mista Sylvester, akawu a ofishin ma'aikata, mazaunin Barnawa, unguwar manya, wanda ciwon haƙori ya kawo. Ta hannunsa sunayen masu gwajin kunne ke bi. Ya ce, "Malam, don Allah kashe wannan abu." Shiru. Ya sake faɗa da ƙarfi. Kawu na kallon 'yarsa yana gyaɗa kai. Ya faɗa da Turanci ma, ko shi zai fi shiga. Ina!

Sai ga Sista Judith, babbar nas, ta fito da sirinji a hannu. Ta tsaya a gaban Kawu sosai ta ce, "Kai ne uban yarinyar nan? Ba ka jin jiniyar nan ne?"

Wannan kam ya gani a bakinta. Ya ce mini a nan ne ya sake duba ɗakin, kamar yanzu ya shigo. Ya ga mace da yatsu a kunne. Ya ga jariri baki a wangame, fuska ta yi ja. Ya ga Mista Sylvester ya zagayo ya tsaya kusa da Sista, da biro a aljihun gaba.

"Na yi masa magana har na gaji, Sista, ko motsi bai yi ba," in ji Mista Sylvester. Ya dubi Kawu. "Wane sashe kake?"

"Ɗakin saƙa, Oga."

"Ɗakin saƙa," in ji shi a hankali, ya juya ya kalli Sista.

Kawu ya ce amsa biyu ce a gabansa. In ya faɗi gaskiya, za a tausaya masa, a ce ayya, a rubuta sunansa. Ya kalli Christy. Sai ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, abin da bai taɓa yi a gaban manya ba tun da aka haife shi, ya ce:

"Ina ji mana. Kai ma na ji ka, Oga, tun na farko. Ban ga damar amsawa ba ne. Yarinya ce, wasa take yi. Wanda kansa ke ciwo ai ga shi a asibiti, ya karɓi magani."

Ɗakin ya kaure, har ba a jin jiniyar sosai.

"Baban Christy!" in ji Maman A'isha. "Kai ne kuwa? Ko dai ka fara sha ne?"

"Ku dubi wannan mutumin!" in ji Mista Sylvester, hannu a kumatu. "Ni kake gaya wa ba ka ga dama ba? Irinku ne ke lalata yaran ƙasar nan. Ba tarbiyya, ba komai!" Maganar kunne kuma ta bi iska. Ashe in kana so akawu ya manta da zargin da yake maka, ka taɓa girmansa kawai.

Sista Judith ta sunkuya ta kama motar, ta kashe, ta danƙa wa Kawu. Ta ce a shigo da yarinyar yanzu-yanzu a duba ta su bar mata asibiti. Ranar farko ke nan da Kawu ya tsallake layi a rayuwarsa, bayan shekara da shekaru yana ba wasu wuri. Da suka fito ya manta hularsa a benci. Sista ta kira shi ta baya, dab da shi, bai waiwaya ba. Maman A'isha ta ƙara wannan a cikin laifuffukansa. Sista ta sha gabansa a bakin ƙofa ta miƙa masa hular, ta dube shi na ɗan lokaci. Sannan, in ji Kawu, ta motsa leɓe ba murya, yadda suke yi a ɗakin saƙa: "Ka riƙa zama bayanka na jikin bango." Ta kuma ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Mara kunya! Kada in sake ganin motar nan a nan!"

Labarin ya riga kekensa isa Makera. A lokacin ana shirin zaɓen dattawan ikkilisiya, sunan Kawu na gaba-gaba. Aka sauke shi ba hayaniya, cikin ƙauna. Fasto ya yi wa'azi mai zafi a kan iyayen da ba sa girmama kunnen jama'a, ta lasifikar da ke kan rufin coci, wadda ke tashin duk ma'aikacin da ya kwana a bakin injin daga nan har bakin titi. Mista Sylvester ma ya yi ta ba da labarin a ofis. Na taɓa wucewa ta ƙofar gidansa a Barnawa, samarinsa sun fito da rediyo mai kaset sun ƙure shi, amma wannan kiɗan 'ya'yan manya ne, ba ya damun kowa.

Anti Juliana da ta dawo, tun a tasha ta ji. Ta shigo ɗaki ko gyale ba ta cire ba, ta kunna motar, ta zauna a bakin gado ta yi dariya har hawaye, daga baya dariyar ta tafi, hawayen suka ci gaba. Kawu ya ce, "Da ƙarfi ne sosai?" Ta juyo ta fuskance shi ta ce, "Istifanus, har yayarka da ke can unguwar Television za ta ji."

Bai je ya ba kowa haƙuri ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Amma sabon sunan ya yi masa aiki. Da, in an kira shi ta baya bai amsa ba, sai a ce haƙuri ne da shi. Yanzu sai a ce girman kai ne, ai mun san halinsa tun ranar asibiti. Mutumin bai canza komai ba, ko tafiyarsa. A ƙarƙashin wannan girman kai ya ƙarasa shekarunsa a ɗakin saƙa, bayansa a jikin bango, ba wanda ya sake tunanin kunnensa. Motar kuwa ya zare mata batir, Christy ta yi ta tura ta da hannu tana yin jiniyar da bakinta.

Ranar Lahadin da ta wuce, takardar ritaya na aljihunsa, ya miƙe a coci ya faɗi komai. Tun daga ranar ban haɗu da mutum ɗaya a Makera da bai riga ya sani ba. Kowa ya lura tun tuni, kawaici ne ya hana shi magana. Ashe unguwa ce ta masu hangen nesa, ban sani ba.

Jiya na raka shi ya yi wa Maman A'isha sallama. Ya durƙusa ya ce ta yafe masa ciwon kan ran nan. Ta ce ba komai, ta juya tana kwashe shanya, ta ci gaba da magana tana ba shi baya: ita dama ta sani, ita ce ma ta yi ta kare shi a bakin famfo, amma gaskiya da ya tambayi wani kafin ya kunna abin.

Kawu ya jira har ta juyo. Ya ɗan rusuna ya ce, "To, Allah ya kyauta."