Ranar da Malam Ya Sauka daga Kan Buzu

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta da wata la'asar a wani zaure a unguwar Soron Ɗinki. Lokacin ina digiri na biyu a kimiyyar sararin samaniya, malamin da ke duba kundina kuwa dattijo ne ɗan gidan malamai. Da safe yana jami'a, da la'asar yana zaure a kan buzun da ya gada daga mahaifinsa, yana biya wa mutane littattafai.

Akwai wasu abubuwa masu tsananin haske a samaniya da ake kira kwazar. Haskensu yana rinjaya sosai zuwa ja, yawancin masana kuma sun ce wannan alamar nisa ce marar misaltuwa. Malam bai yarda ba. Tun yana saurayi ya bi 'yan tsirarun da ke cewa kusa suke, gungun taurarin da ake ganinsu a gefensa ne ya tofo su, jan kuma wani dalili ne daban. A kan wannan aka san shi, a kansa ya sha dariya a taruka. Shi ya ba ni aikin in tabbatar da maganarsa.

Sai aikin ya juya mana baya! A hasken kwazar ɗin da na bincika na ga tabon iskar gas ta gungun taurarin da ke gefensa, ga kuma tabban wasu gizagizai da ke can bayansa, bi da bi. Hasken daga baya ya taso, ya ratso su duka. Wato kwazar ɗin nesa yake, maganar Malam ta rushe. In Malam bai sa hannu ba, shekarun da na kwashe sun tafi a banza.

Abokin karatuna ya ce, "Kai dai akwai taurin kai. A garin nan wa ka taɓa gani ya ce wa malaminsa ya yi kuskure? Sassauta ƙarshen, ka karɓi digirinka."

Na ce, "In sassauta in kai wa wa? Malam ne ya koya mini karanta tabban nan!"

Ofis na so mu haɗu, amma Malam ya ce in same shi a gida. Na taso daga unguwar Dukawuya. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a tabarma cikin dattawan unguwa, na miƙa masa kwamfuta. Dabarar da na yi ita ce ta kowane ɗalibi, na ce, "Allah gafarta Malam, akwai wurin da ban gane ba."

Ya daɗe yana kallo. Ya tambayi inda na samo bayanan, ya sa na maimaita lissafin a gabansa, ya nemi kuskure ta ko'ina bai samu ba. Can ya cire tabarau.

"Ka gane sarai," in ji shi. "Kunyata kake ji."

Sai ya miƙe, ya sauka daga buzun, ya zauna a tabarma kusa da ni. Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi, Malam, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Alhaji. Abin da na daɗe ina faɗa ba haka yake ba, yau aka biya mini. Mai ɗaukar karatu kuwa ba ya zama a sama." Ya juyo gare ni idonsa jajir. "To, ƙwayoyin niyutirino da ake zaton irin waɗannan kwazar na harbowa, masu ratsa duniya ba ta tare su ba, ashe doguwar tafiya suke sha. Fara mini daga nan."

Na buɗe baki, kuka ya ƙwace mini, ni da nake ji da kaina.

Ya sa hannu a kundin ba a canza ko harafi ba. Yau ni ma ina da ɗalibai, kuma na gane cewa saukowar da ya yi ta fi duk abin da ya koya mini wuya. Duk lokacin da ɗalibi ya ce akwai wurin da bai gane ba, sai in jawo kujerata kusa da tasa, don wataƙila ni aka zo gyarawa.