Mode Mai Shayi da 'Yan Koren Kwantena

Ni mai faci ne a bakin tashar Wurno, kuma katanga guda ta raba gidana da na Mode mai shayi. In ya yi tari cikin ɗaki, ni ka ji kafin matarshi Turai ta ji. Don haka in na ba ku labarinshi ku riƙe, ba jita-jita ba ce.

Mode ɗan Magarya ne. Albasa ya tashi shina nomawa, har shekarar da ruwa yac ci fadama, yab bar shi da jaki guda da baƙar magana. Yas sai da jakin, yas sayi buta da tebur da benci, yak kafa gindin darbejiyar bakin tasha. Baƙar maganar ba ta samu mai saye ba, shi ya sa har yau tana nan tare da shi. Shekara goma sha huɗu shina wurin nan, duk motar da za ta Sakkwato sai ta shaƙi hayaƙinshi.

Sai ga 'yan kore. Wani kamfani ne na gahawa da shayi, mu munka laƙa masu sunan saboda koren kwantenan da su ka ajewa bakin kowace tasha. Sun aje Rabah, sun aje Goronyo. Dabararsu, ba su faɗa da mai shayin gari, haɗiye shi su ka yi. Su karɓe wurin da mutane sunka saba, su sa ma mai wurin koriyar hula, su riƙa aiko mai haɗi daga Sakkwato cikin leda, yadda ɗanɗanon Rabah da na Goronyo ba ka bambancewa. Babu benci, wai zama shina hana wani zuwa. Ka karɓi kofin takarda mai murfi ka yi gaba.

Manajansu, Zaharaddeen, saurayi ne mai ladabi, ba ni yi mai ƙarya. Har ƙasa yad durƙusa.

"Baba Mode, reshe arba'in muke nema kafin baɗi. Kai ne na Wurno. Albashi duk wata, ko an saya ko ba a saya ba."

Turai ta ji maganar albashi. Kwana ukku ina jin su ta katanga, ita tana tuƙi, shi shina ja da baya. Ran na huɗu yad dangwala yatsa gaban sarkin tasha, gindin darbejiya yaz zama na kamfani.

Anka kai shi Sakkwato koyon aiki. Mutumin da ya tafasa ruwan da zai cika rabin madatsar Goronyo, wai za a koya mai zuba shayi! Da yad dawo da hula da koren ƙyalle ɗaure ga ƙugu, nit tsaya nis sara mai.

"Ranka shi daɗe, soja ne ko unguwarzoma?"

"Ƙasimu, ka ci gaba da shaƙar iskan taya, shi ya huda maka kai."

To, akwai abin da kowa ya sani a teburin Mode, ba a taɓa faɗi ba. Nan garin mutum ba ya kurɓa wani na kusa da shi hannu sake. In ka sayi shayi, Mode ya ɗaga ido ya ga na gefenka bai sa hannu aljihu ba, sai ya raba naka biyu, ya tura ma wancan rabi cikin ƙaramin kofi, bai tambaye ka ba, bai dubi wancan ba. Babu mai godiya, babu mai jin kunya. Yau kai ne mai rabawa, gobe kai ne mai karɓa.

Ranar kasuwa ta farko cikin kwantena, Zaharaddeen ya zo duba aiki. Halliru mai albasa yaz zo yas sayi kofi guda. Gefenshi ga Baba Iliyasu, tsohon masunci, tsaye tunda babu wurin zama, kwana biyu komarshi ba ta kama komi ba. Hannun Mode yay yi abin da ya saba. Yaz zaro kofi na biyu, yar raba, yat tura.

"A'a, Baba Mode," in ji Zaharaddeen, da ƙarfi don hayaniyar motoci. "Kofi guda, mutum guda. Wanga dattijo ya saya ne?"

Daga rumfata nan gefe nik kashe injin facina don in ji. Baba Iliyasu ya riga ya kai kofin baki. Yas sauke a hankali, ya aje bisa kanta.

"Na karya kumallo gida, ɗana," yac ce. Yaj juya yat tahi.

Mode yad dubi bayan tsohon har yash sha kwana. Sannan yad dubi manaja.

"Mi kac ce?"

"Doka ce, Baba, ba tawa ba ce. In anka bari a Wurno, gobe Rabah su yi, jibi reshe arba'in. Haka kamfani ka girma, kowa iri guda."

"Ka san wanda kak kora? Shi yab ba ni kifi kyauta shekarar ruwa, ubanka bai san hanyar Wurno ba."

Yat tuɓe hular yak kifa ta bisa kofin da tsohon ya aje, yak kwance ƙyallen, yaf fito.

Da azahar munka je ga sarkin tasha neman wurinshi. Sarkin tasha yab buɗe takarda yan nuna mai yatsanshi, shuɗi, ƙato kamar na raƙumi. Wuri ya tafi. Turai ta yi mako ba ta gaishe shi ba, wannan ma ta katanga nij ji, don shirun ya fi faɗan ƙara.

Yaj jawo tsohon teburinshi da benci yak kafa gefen rumfata, tsakanin tsoffin tayoyi, cikin rana tsantsa. Abin da yaf fara yi, yat tahi har bakin gulbi yat taho da Baba Iliyasu bisa babur, yaz zaunar da shi tsakiyar benci.

Kada ku ce 'yan kore sun faɗi. Ba su faɗi ba. 'Yan kabu-kabu da malaman makaranta suna son kofi mai murfi, har Giyawa an kai kwantena. Amma manoman albasa da dillalansu sunka biyo benci, kuma su ne masu shan kofi ukku kafin a gama ciniki.

Bayan girbi sai ga Zaharaddeen, yas sake durƙusawa, wannan karon kan baƙin mai.

"Baba, manya sun sake shawara. Ka koma gindin darbejiya da bencinka. Ƙaramin kofi ma mun sa shi cikin doka, kowane reshe. Abu guda muke so, mu rubuta Shayin Mode bisa duk kwantenoninmu, da hotonka."

Ni kam nic ce a raina, karɓi, ko na samu wurin aje taya. Inuwa ce fa anka maido mai, gumi na ɗiga daga gemunshi.

Mode yaɗ ɗaga buta sama, yaz zubo shayi dogo har kumfa ta tashi.

"In wani yash sha a Goronyo yaj ji salam, wa za shi zaga?"

"Ai haɗin guda ne, Baba."

"Ni za shi zaga, ni ko ban ga butar ba. Mode guda Allah yay yi, bai yi arba'in ba. Ku riƙe darbejiya, ku ba ta ruwa, tana son ruwa da bazara."

"Baba, rana fa..."

"Rana ta san ni tun Magarya. Matsa, ɗana, kana tsare ma mai saye hanya."