Maus Ɗin Hannun Dama

Kawu Kallamu, ƙanin mahaifiyata, bai taɓa riƙe abu a hankali ba tun da na yi wayo na san shi. Idan ya kama kofin shayi sai ka tausaya wa kofin. Idan ya gaisa da mutum, mutumin kan koma gefe yana yarfe yatsu yana murmushin dole. Mu yaran gidan da muka tashi a Bida Road nan Onitsha, da wuri muka koyi gaishe shi daga nesa, a durƙushe, hannuwa a bayan baya. Ni dai sau ɗaya ya kama hannuna zai tsallakar da ni titi ina 'yar shekara bakwai, na yini ina kuka.

Ɗan mahauta ne daga Ƙauran Namoda, kuma dambe ya fara gada kafin wuƙa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana naɗe hannun dama da ƙyalle da igiya yana shiga fili. Guduma ake ce masa. Bayan hannun nan duk tabon tsaga ne, inda aka yanka da aska aka cusa maganin ƙarfi. Sau ɗaya tak ya ba ni labarin damben da ya yi na ƙarshe. Ya ce ya sami abokin karawarsa a muƙamuƙi, haƙora biyu suka zubo a yashi, makaɗa suna ta zuga shi, shi kuwa mutumin yana kwance ƙafarsa na shure-shure. Ya tashi daga baya, amma bakinsa bai ƙara komawa daidai ba. A watan nan Kawu ya kwance igiyar, ya hau motar albasa ya taho Onitsha wurin yayarsa, mahaifiyata.

A Kasuwar Ose Okwodu ya fara da dako, buhun albasa a ka daga bakin tirela zuwa rumfa. Wata Inyamura mai shagon hoto da buga takardu ta lura cewa idan ya zauna hutawa a ƙofarta, allon kwamfutarta yake kallo ba titi ba. Ita ta koya masa. Mutane sun sha dariya, ni ma na yi tawa, ƙaton mutum kamar ƙofar gari ya duƙa yana bin 'yar kibiyar allo da ido. Amma bayan shekara biyar Kawu ya buɗe nasa shagon kusa da masallaci. Yana tsara katin biki da fostar walima, yana gyara hoton fasfo, ya share tabo, ya cire bayan hoto ya sa fari. Hausawan Coal Camp na Enugu da na Fatakwal ta waya suke turo masa aiki, don shi kaɗai ne ba ya ɓata musu suna a rubutu. Yakan ɗaga hannun ya ce, “Da shi na ɓata fuskoki, da shi nake gyarawa.” Duk abin da Kawu ya zama a garin nan, hannun nan ne.

Matsalar ita ce yadda yake riƙe maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur ana sarrafa kwamfuta da shi. Dunƙule shi yake yi kamar zai kai naushi, wuyan hannun a lanƙwashe a gefen tebur, daga safe har la'asar sakaliya. Uku ya fasa a shekara ɗaya, ba da gangan ba. Sai babban yatsa ya fara mutuwa, na kusa da shi biyu suka bi. Daga nan zafi ya riƙa taso masa daga wuyan hannu har gwiwar hannu kamar ana jan waya mai wuta. Ranar da cokali ya suɓuce masa a gaban baƙi, ya shiga shago ya ɗauki maus na huɗu ya maka shi da bango, ya tarwatse har wani ɓallin ya faɗa kwata.

Na ce mu je asibiti. Ya ce hannun ɗan dambe idan ya yi sanyi an san abin da ake yi masa. Ya aika aka kira Lawal wanzami.

A tsakar gidanmu aka yi, da hantsi, ina tsaye ina kallo. Lawal ya dafe hannun a kan turmi ya yi masa tsaga goma sha biyu a wuyan hannu, ya kafa ƙaho ya zuƙo jini baƙi ya juye a kwano. Ya murza wani gari a cikin yankan. Da Kawu ya ce har yanzu bai ji yatsun ba, sai Lawal ya sa ƙusa a garwashi ta yi ja, ya ɗora masa a wuri uku. Ƙaurin fata ya cika gidan. Mahaifiyata ta shige ɗaki tana salati. Kawu ko ƙifta ido bai yi ba, kuma wallahi wannan ya fi komai ba ni haushi, don na ga yana jin daɗin nuna mana shi namiji ne.

Kwana huɗu hannun ya kumbura ya yi sumul kamar gwanda. Na tare Lawal a bakin masallaci na wanke shi tas a gaban jama'a. Ni Zinariya an san ni da baki, kuma a lokacin ina ganin abin alfahari ne.

Sai a lokacin Kawu ya yarda muka je asibiti. Likitar da muka gani mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗan ƙwanƙwasa wuyan hannun da yatsa, Kawu ya zabura kamar lantarki ya ja shi. Ta ɗauki hoton ƙashi ta nuna mana. Ƙananan ƙasusuwan wuyan hannun sun sha tsagewa tun zamanin dambe, sun haɗe a karkace, suna danne jijiyar da ke kai wa yatsu. Riƙon maus ɗin nan ne ya ƙarasa matse ta. Ta ce a bar ciwon wanzami ya warke, ya riƙa ɗaure hannun, ya riƙa hutawa, ya kuma nemi irin maus ɗin da ke tsaye, wanda hannu ke zama a kansa ta gefe ba a kife ba. Sannan ta dube shi sosai ta ce da Turanci, ni kuma na mayar masa da Hausa.

“Kawu, ta ce hannun nan kada ya ƙara dukan komai. Ko tebur. Duka ɗaya ƙashin zai ruguje a kan jijiyar, yatsun sun tafi ke nan.”

Ya yi dariya. “Ki ce mata shekara goma sha biyar rabona da dukan mutum.”

Bayan wata guda, ranar wata Laraba, muka tafi wani benen masu sayar da kayan kwamfuta kusa da Main Market. Ni ya ɗauka don a nan aka haife ni, Igbo a bakina kamar ruwa. Mai shagon, Obinna, ya baje mana kaya a kan gilashi. Akwai mai ƙwallo a gefe wanda ake murzawa da babban yatsa, amma yatsan Kawu ba ya jin ƙwallon. Akwai wani siriri kamar alƙalami, ya kasa tsinke shi. Aka kawo na tsaye ƙarami, ya ɓace a tafinsa, ɗan yatsan ƙarshe na jan tebur. Obinna ya auna tafin da ido, ya hau kujera ya sauko da wani babba baƙi, mai tudu kamar tozon bijimi.

“Oga, hold am like say you wan shake person,” in ji shi, wato ya riƙe kamar zai yi musabaha.

Kawu ya damƙa, robar ta yi ƙara.

“Small small! No be fight!”

Na ce, “Kawu, sassauta. Ɗora hannun kawai, kada ka kama.”

Ya saki yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ga kafaɗarsa ta sauko. Ya ja abin hagu, ya ja dama, ya danna. Sannan ya ce a hankali, “Zinariya, zafin ya kwanta.” Ban taɓa jin muryarsa haka ba, sai da na kau da kai.

Obinna ya ce irin wannan kowane hannu da nasa, akwai na dama akwai na hagu, ko za mu haɗa biyun ya riƙa hutar da ɗaya? Fuskar Kawu ta haɗe nan take.

“Hagu? Hannun tsarki zan ci abinci da shi? Ki ce masa na dama.”

Muka fito yana rungume da kwalin a ƙirji kamar jariri.

A wurin hawa keke napep 'yan agbero uku suka tare mu, irin zauna-gari-banzan nan da ke tsare duk mai ɗauke da kaya su ce sai ya yanki tikiti. Kowanne da gora a hannu. Babbansu, mai jan ido da warin burkutu, ya dafa kwalin.

“Aboki, wetin you carry? Where your ticket?”

Kawu ya yi dako a garin nan, ya san yadda ake rabuwa da su lafiya. Ya sassauta murya ya ce, “Haba oga, na small thing.” Har ya sa hannun hagu a aljihu. Da na yi shiru, da minti ɗaya ya ishe mu mu wuce. Amma na ga ƙazamin hannun nan a kan kwalin, raina ya tashi, na buɗe baki da Igbo. Na zage shi, na zagi aikinsa, na haɗa da uwar da ta haife shi, da ƙarfi yadda duk masu keke suka ji. Wasu suka kwashe da dariya.

Marin da ya yi mini sai da na ga wuta. Na faɗi a kan gwiwa, mayafina ya yi gefe, ɗan kunnena ya tsage fatar kunnen, jini ya gangaro mini a wuya. Ya ɗaga gorar zai ƙara.

Ina daga ƙasa na ga Kawu ya sunkuya ya ajiye kwalin a kan dakali, a hankali, har yana gyara masa zama. Ya miƙe. Hannun hagu ya yi gaba a buɗe, na dama ya koma baya. Ban taɓa ganin dambensa ba, amma na gane tsayuwar.

“Kawu! Hannunka!”

Sau ɗaya ya kai. Ƙara biyu na ji a tare, ta muƙamuƙin mutumin da ta wuyan hannun Kawu, kamar an taka busasshen kara. Ɗan agberon ya zube bai ko tare da hannu ba, jini na bulbulowa ta baki. Sauran biyun suka rufe Kawu da gora. Bai rama ba, ba shi da abin ramawa. Ya durƙusa a kaina ya ba su baya, suna ta jibga, ina jin kowane duka yana ratsa jikinsa yana isowa nawa. Wata gorar ta same shi a ka, fatar ta dare, jininsa ya zubo mini a fuska. Sai da 'yan kasuwa da masu keke suka yi yawa, mata na ihu, sannan suka ja ɗan'uwansu suka gudu. Wata mai sayar da ayaba ce ta biyo mu da kwalin har cikin keke.

An yi masa aiki a hannun. Likitar nan ba ta ce ai na faɗa muku ba, ta dai dube ni da kunnena mai ɗinki. Yatsu uku sun lanƙwashe sun tsaya, ko allura aka soka ba ya ji. Shago ya yi wata biyu a rufe. Mahaifiyata ce ke ba shi abinci a baki, don ya rantse ba zai kai hagu cikin kwano ba. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai taɓa ce mini ke kika ja ba, ko da wasa, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Wata safiya ya kira ni, yana kallon bango.

“Ki koma wurin yaron nan. Ki ce masa na hagu.”

Na je. Obinna ya tambaye ni ko za a dawo da na daman a musanya, tunda ba a ko yi aiki da shi ba. Na kira Kawu a waya, ya ce a'a, a bar masa kayansa. Yana nan a kan kanta a shagon har yau, cikin kwalinsa, da ɗigon jini a gefe.

Yanzu da hagu yake aiki. Katin da yake gamawa kafin azahar yakan kai shi magariba, kuma wasu daga cikin mutanen Fatakwal sun koma wani wuri. Da hagun yake ci, amma sai ya juya wa ƙofa baya. Idan aka miƙo masa hannu a masallaci, damtse yake bayarwa.

Ranar da ya sake buɗe shagon na same shi yana goge wa wata amarya ƙurji a goshi, 'yar kibiyar na rawa a allo. Na durƙusa a gefen kujerarsa na ce, “Kawu, don Allah ka yafe mini. Bakina ne.”

Ya ce, “Tashi, 'yar nan. Hannuna ne.”

Na ƙi tashi. Sai ya miƙo hannun daman ya kama nawa zai ɗaga ni. Tun ina 'yar shekara bakwai nake ɓoye masa hannun nan. Na bar shi a cikin nasa ina kuka, ina jira ya matse har in ji zafi. Ya yi iya ƙoƙarinsa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, amma ban ji komai ba.