Brendel, Wadda Aka Sake Raɗa wa Suna Apolloniya

Maƙwabciyata ce a garinmu na bakin kogin Main. Bayahudiya aka haife ta, 'yar Anshel mahauci, sunanta na yanka Brendel. A shekarun da garinmu ya juya wa Paparoma baya, ta karɓi baftisma ta auri Veit mai ƙera gangunan katako na zuba kaya. Iyayenta suka yi mata zaman makoki tana raye. Mu kuwa muka ba ta suna Apolloniya, amma a bayan idonta Bayahudiya muke ce mata.

Da gaske ta yi imani, ni shaida ce. Ta fi mu duka haddace waƙoƙin coci.

Wata shekara Fasto Eberlin ya ɗauki aniyar rubuta littafi a kan taurin kan Yahudawa. Ya kira ta, ya ce ta faɗa masa irin zagin da suke wa Almasihu in sun rufe ƙofa. Ta ce ita dai abin da ta sani, babanta na addu'a da asuba, uwarta na faɗa a kan gishirin miya. Ya yi ta juya tambayar, tana ba shi amsa guda.

Littafin ya fito da sunanta a shafin farko, cike da maganganun da ba ta taɓa yi ba. Ni na karanta mata, don ba ta iya karanta rubutunmu ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Yaya Walburga, sake karanta inda aka ce ni na faɗa."

Ta je ta sami Fasto. Ya ce ai ya faɗi abin da take jin kunyar faɗa ne, kamata ya yi ma ta gode wa Allah da ya tsamo ta.

Kafin kaka, majalisar gari ta kori Yahudawa. Ranar da za su fita, Apolloniya ta tsaya a bakin gada da kwandon tuffa. Uwarta ta wuce ba ta dube ta ba. Ƙanenta Leib ya tsaya, ya ɗauki guda ɗaya, ya ce, "Na san ba bakinki ba ne. Amma sunanki ne."

Ba ta daina zuwa coci ba, sai dai ta koma layin baya, ta bar rera waƙa. Ta haifi 'ya'ya, ta aurar da su. Da tsufa ya kama ta, ta roƙi wani ɗan kasuwa mai zuwa birnin Prag, inda ta ji ƙanenta ya koma, ya tambayo mata labarin Leib. Ya dawo ya ce yana nan da rai, yana sayar da fata, har ya yi jikoki. Ta sa ya maimaita mata sunayensu ɗaya bayan ɗaya.