Phoebe da Wayar da Ke Bin Hannaye

Phoebe Irmiya ta girma a Inkil. Kafin ta koyi rubuta manhaja, cajin waya take yi a rumfar yayanta a Kasuwar Muda Lawal, inda ta ga yadda mutane ke barin waya a buɗe su tafi cefane.

Shi ya sa da wani asibiti a Wunti ya ba ta aikin manhajar duba sakamakon gwaji, ta tsara cewa tokin, wato izinin shiga da waya ke samu bayan an sa kalmar sirri, ya riƙa mutuwa da wuri.

Mai asibitin, Dakta Abdulbaqi, ya kira ta. "Haba 'yata, mutane sun gaji da maimaita kalmar nan. Wanda ya shiga, ki bar shi a ciki."

"Dakta, hannu nawa wayar mace ɗaya take bi a yini? Mai caji, ƙanin miji, yara. Duk su karanta gwajin cikinta?"

"Aikin fa za ki rasa."

"To, in rasa."

Ta rufe kwamfutarta, ta yi masa sallama cikin ladabi, ta fita ta tari Keke Napep. Aikin bai dawo mata ba, ita ma ba ta koma ta ba shi haƙuri ba.