Ƙarfen da Altine Ya Bar Mini

Da kakar bana ƙanena Altine ya cika shekara takwas da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta namu zuwan. Ban rubuta komai a kansa ba a wancan lokaci, domin ban yarda da yabon da ake yi wa mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. A irin waɗannan kwanaki kowa waliyyi ne. Yanzu ƙasa ta bushe, masu kuka sun koma harkokinsu, ina ganin zan iya faɗin abin da na sani ba ƙari ba ragi.

Duk wanda ya saba da tashar Tambuwal a shekarun baya zai tuna wani dogon mutum mai karkatacciyar hula da tsohon babur, wanda 'yan kabu-kabu ke yi wa kirari da Lauya. In ya iso sai su ce ga Lauyan mahaukata nan, yau wa za a ci a kotu? Shi kuma ya amsa musu cewa yana nan yana ajiye musu wuri, don ya ga alamar wasu cikinsu sun kusa zama mutanensa. Altine ke nan. Bai taɓa shiga ajin koyon shari'a ba. Abin da ya shiga shi ne ɗakin da ake kulle mutanen da yake yi wa aiki.

Yana saurayi yana noma a Jabo, garinmu na asali, taɓin hankali ya same shi. Ni lokacin ina koyarwa a Kebbe. Dattawan gida suka yi abin da suka gada, suka kai shi ɗakin baya suka sa masa mari, wato ƙarfen nan da maƙeri kan ƙera don haɗe ƙafafu biyu. Wata rana aka kwance shi domin ya yi wanka, ya fice ya cinna wa rumbunan maƙwabcinmu wuta, ya kuma karya hannun mutumin da ya zo tare shi. Alƙali ya ce ba cikin hankalinsa ya aikata ba, saboda haka ba za a ɗaure shi ba, amma kuma ba za a sake shi ba. Aka tsare shi a sashen da ke da kulle a asibitin masu taɓin hankali, har sai hukuma ta gamsu da shi. Ina so mai karatu ya lura da wannan: fursuna ya san ranar fitarsa, amma wanda ke wancan sashe bai san tasa ba. Ko likita ya ce ya warke, sai an sami ɗan'uwan da zai zo ya karɓe shi. Altine ya shiga da baƙin gashi, ya fito da furfura ta fara tsirowa. Ni na je na karɓo shi.

Na yi zaton ba zai ƙara ko duban hanyar asibitin nan ba. Damina ɗaya kawai ya yi a gida, ya ce mini zai koma ya gaida mutanensa. Daga gaisuwa abin ya zama aiki, da yardar wani likita mai sauƙin kai da ya ga amfaninsa. Na tambaye shi mene ne sunan aikin, domin ni ban san aikin da ba shi da suna ba. Ya ce bai sani ba, amma ya san dalilinsa. A can ciki, in ji shi, idan ka yi ƙorafi sai a ce ciwon ne ya motsa, idan ka yi shiru a ce ciwon ne ya danne ka. Mutum yana sane da cewa maganin da ake ba shi yana sa hannunsa rawa, ko yana hana shi tashi sallar asuba, amma ya haɗiye, don kada maganarsa ta ƙara masa shekara. Ba mugunta ce ta ma'aikatan ba, in ji Altine. Su kaɗan ne, marasa lafiya da yawa. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin nan yana bukatar wanda zai tsaya kusa da shi in zai faɗa.

Ga yadda yake yi. Kafin ranar da likitoci ke zama su duba al'amarin kowane mutum, sai ya zauna da shi a ƙasa, ya tambaye shi abin da yake so a ji. Ba ya ba da shawara sai an nema. In an shiga gaban likita, yakan bar mutum ya faɗa da bakinsa. In baki ya ƙi buɗuwa, ya nemi izininsa ya faɗa a madadinsa, kuma yadda aka faɗa masa haka zai faɗa, ko da shi kansa yana ganin kuskure ne. A nan muka fi saɓawa. Ni makarantar mishan na yi, inda ake duba farce da wuyan riga kowace safiya, inda aka koya mana cewa magana sai an tsara ta kafin a kai ta gaban manya. Altine kuwa bai san lokaci ba, bai san wanke babur ba, kuma yana ɗaukar maganar mutane ɗanya ya ajiye ta gaban likita. Na sha gaya masa haka. Yakan ce, "Yaya, in na gyara ta ai ta zama tawa."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne al'amarin Ɗanjumma, wani mutumin Fakku da ya sari ɗan baffansa da lauje a gona sa'ad da ciwo ya buge shi, hannun yaron nan ya shanye har abada. Ɗanjumma ya daɗe da samun sauƙi, likita ya yarda a sallame shi, amma ba wanda ya zo. Iyayensa sun rasu, baffan nan nasa, Malam Sanda, shi ne uban gida, kuma shi ne uban wanda aka sara. Da yake na koyar da 'ya'yan gidan a Kebbe, Altine ya roƙe ni in sa baki. Na je Fakku da kaina, na yi magana da dattijon yadda ya kamata, ya girmama ni ya amsa. Ranar zaman likitoci muka ɗauko shi tare, ya sha wahalar hanya ba kaɗan ba.

Kafin a shiga, aka ba shi dama ya gaisa da Ɗanjumma. Ashe a cikin gaisuwar ya gaya masa cewa an gyara ɗaki, maƙeri ma ya gama aikinsa. Bai faɗa da mugun nufi ba. A wurinsa wannan shiri ne na mai kula, kuma bai ɓoye ba. Mu ne ba wanda ya tambaye shi. Da aka zauna, likita ya tambayi Ɗanjumma ko yana murna da komawa gida. Ya sunkuyar da kai. Altine ya matsa kusa da shi ya ce, "In hwaɗi?" Ɗanjumma ya gyaɗa kai. Altine ya dubi likita, ba tare da wani shimfiɗa ba, ya ce, "Yac ce ba shi zuwa in da mari. Shi yac ce, ba ni ba."

Malam Sanda ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya ce shi ba a kira shi don a tozarta shi gaban yara ba. Ya fita, ko sallama bai yi mini ba. Aka ɗage sallamar. Mutumin da ya kwana yana shirin gida ya koma bayan ƙofar ƙarfe, kuma ba wanda ya san ko baffan zai ƙara takowa. A hanyar dawowa na gaya wa Altine cewa ya zubar da mutuncin dattijo, ya zubar da nawa, ya kuma rufe ƙofar da aka yi shekaru ana ƙwanƙwasawa. Ɗanjumma kansa, da ya ga abin da maganarsa ta jawo, ya daina amsa gaisuwar Altine, ya ce wa sauran marasa lafiya shi ne ya hana shi gida. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Altine bai kare kansa ba. Abin da ya yi shi ne ya kama hanyar Fakku, cikin damina, a kan babur ɗin nan da ba ya wankewa. Wanda ya san hanyoyin Kebbe da ruwa ya san abin da nake nufi. Da farko ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba. Ya koma, ya sake komawa. Bai ce wa Malam Sanda ya yi laifi ba, domin ya san wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu. Da dattijon ya tambaye shi ko zai rantse cewa ciwon ba zai dawo ba, ya ce ba zai rantse ba, shi kansa har gobe magani yake sha. Ya dai gaya masa alamomin da kan riga ciwon zuwa, musamman ƙauracewar barci, ya ce shi zai riƙa kawo magani, in kuma aka ga alama a aika masa kafin a aika wa maƙeri.

A ƙarshe Malam Sanda ya ce haƙƙin ba nasa ba ne, na mai hannun ne. Aka kira ɗan nasa, wanda a lokacin ya zama magidanci. Ya dubi Altine ya tambaye shi ko gaskiya ne shi ma an taɓa sa masa ƙarfe, kuma ko ƙarfen ya yi masa magani. Altine ya ja ƙafar wandonsa ya nuna tabon da ke idon sawunsa, ya ce ranar da aka kwance shi ita ce ranar da ya ƙone rumbuna, su yi lissafi da kansu. Mutumin ya dubi tabon, sa'an nan ya ce a dawo da ɗan'uwansa. Amma dattijo bai sauka gaba ɗaya ba. Ya shiga ciki ya fito da marin, sabo ful, ya miƙa wa Altine ya ce amana ce: ya ajiye, ranar da aka bukata ya kawo. Altine ya karɓa. Da na tambaye shi ko zai mayar in an nema, ya ce, "Allah shi kai mu ranar, Yaya, sai mu ga wa ka riga wani zuwa Fakku, ni ko ciwon." Bayan girbi Ɗanjumma ya koma gida da ƙafafunsa a sake.

Har yau ban yarda da yadda Altine ya yi magana gaban dattijon nan ba. Akwai hanyar da ta fi wannan ladabi, kuma da ya ba ni dama da na nuna masa ita. Abin da ya faɗa kuwa, na juya shi shekara da shekaru ban sami inda zan ja masa jan layi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ina jin zai ji daɗin cewa yanzu ana maganar lafiyar ƙwaƙwalwa a rediyo ba tare da dariya ba. Amma da ya ga yadda samari ke ɗaukar hoton mai taɓin hankali a kasuwa da waya, su yaɗa don nishaɗi, na san zai tsaya ya tambayi mutumin ko da izininsa aka ɗauka. Zai kuma ga cewa tafiya ta ƙara wuya, tsoron hanya da tsadar mai sun sa dangin da a da ke zuwa dubiya jefi-jefi sun daina sam. Ƙofar ƙarfen tana nan, masu jira a bayanta suna nan. Kuma ban ji maƙera sun ce an daina kawo musu irin wancan aiki ba.

Ɗanjumma yana noma a Fakku, ya yi aure, yana shan maganinsa. Ciwon ya taɓa motsa masa sau ɗaya Altine na da rai, aka aiko, aka kai shi asibiti ya huta ya dawo, ba a nemi ƙarfe ba. Tun bayan rasuwar Altine shi ne ke zuwa sashen nan in ya sami kuɗin mota, ya zauna a ƙasa da mutane. Ba shi da bakin Altine, kuma a rashin kiyaye lokaci ya fi shi. Na gaya masa haka, ya ce gado ya ci.

Altine ya rasu bai bar gida ba, bai bar gonar kirki ba, babur ɗin ma da ƙyar aka sami mai saye. Da muka buɗe akwatinsa muka tarar da marin a ƙasa, naɗe cikin tsohon buhu. Malam Sanda ya riga shi rasuwa, saboda haka na rasa wanda zan mayar wa amanar. Na tambayi mai hannun nan, ya ce ba ya so. Na tambayi Ɗanjumma, tun da ƙafarsa aka auna, ya ce in bar shi inda yake, yana jin daɗin sanin cewa yana nesa da Fakku.

Yana nan rataye a ɗakin ajiyata a Tambuwal. Waɗanda suka san ni sun san ko fartanya ba na ajiyewa sai na goge ta na shafa mata mai. Wannan ƙarfe shi kaɗai ne abin da na bar wa tsatsa a gidana, kuma duk shekara idan na duba sai in ga tana aikinta yadda ya kamata.