Tsakuwar shinkafar Inna

Jama'a, yau na'ura ta kunyata ni a gaban uwata!

Shekara guda ina yi wa Inna faɗa. In ta tsince shinkafar da nake turarawa in sayar, sai mai saye ya tauna tsakuwa. Tana cewa tsakiyar ganinta ce ta dushe, ni kuwa ina cewa, "Inna, ƙiwa ce. Idonki garau yake."

Yau dai muka baro Haɗejiya zuwa asibitin ido a Kano. Aka ɗora haɓarta a kan wata na'ura mai haska cikin ido. Ko taɓa idon ba a yi ba, sai ga bayan idon a allo, hawa-hawa kamar gaɓar kogi.

Likita ya nuna wani baƙin wuri. "Ruwa ne ya kwanta nan, ciwon suga ya jawo. Idon dama za mu yi ƙoƙari da allura. Na hagu kuwa, da bara kuka zo da an cece shi."

Na juya na kalli Inna.

Inna ta gyara mayafi. "Likita, rubuta mata a takarda. Tun da ta shiga makarantar manya, sai abin da ta karanta take yarda da shi."

Ya kuwa rubuta. Ga ta nan a hannuna, na kasa buɗewa.